Kilomita 735 tsakanin Damagaram da Yamai: me ya sa lokacin tafiya a jirgin sama ba ya bin lissafin nisa?

Wanda ya buɗe wayarsa a Damagaram ya nemi sanin nisan da ke tsakanin filin jirgin saman garin da filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, intanet za ta ba shi adadi biyu cikin ƙiftawar ido: nisa kimanin kilomita 735, lokacin tafiya kuma abin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Adadi na farko tabbatacce ne, domin lissafi ne da aka yi a kan wurare biyu da ba sa motsi. Na biyun kuwa ƙiyasi ne da na'ura ta fitar ta hanyar raba nisa da wani gudu da aka zaɓar mata, ba tare da ta san irin jirgin da zai zo ba, ko iskar da zai tarar a sama, ko hazon da zai iya hana shi sauka, balle ta san ko akwai jirgin da zai tashi a ranar ma. Mutane da dama suna ɗaukar adadin nan na biyu tamkar alkawari, su gina shirin tafiyarsu a kansa, su sanya ranar ganin likita ko ranar ɗaurin aure da shi, sannan abin ya zo musu ba yadda suka zata ba. Ya kamata mu san inda waɗannan adadi suka fito da kuma inda amfaninsu ya tsaya, domin a gari irin namu tazarar da ke tsakanin lissafin na'ura da abin da matafiyi ke gani da idonsa tana da faɗi ƙwarai.

Lissafin nisan ba shi da wani sirri. Filin jirgin Damagaram yana kan digiri 13.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma digiri 9.0 gabas, na Yamai kuma yana kan digiri 13.5 arewa da digiri 2.2 gabas, wato kusan a jere suke, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, da tazarar digiri 6.8 a tsakaninsu. A kan layin tsakiyar duniya kowane digiri ya kai kilomita 111, amma saboda duniya dunƙulalliya ce tazarar tana raguwa yayin da ake yin arewa, har ta koma kilomita 108 a daidai inda muke. Idan aka ninka 108 sau 6.8, aka haɗa da ɗan bambancin kudu da arewa, sai a samu kimanin 735. Matuƙa jirgi da ma'aikatan hasumiya ba da kilomita suke aiki ba, da mil na teku suke aiki, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, don haka a bakinsu nisan nan bai cika mil 400 ba.

Abin lura shi ne cewa hanyar mota ba ta fi wannan layi tsawo sosai ba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Takeita da Tasawa da Maradi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso kafin ta shiga Yamai, tsawonta kimanin kilomita 890 ne, ƙarin kimanin kashi ɗaya cikin biyar kawai. Haka abin yake ta wajen Agadas, inda miƙaƙƙen layi ya kai kilomita 370, hanyar Tanut da Adarbisanat kuma ta kai kimanin 450. Saboda haka ribar jirgi ba daga yanke hanya take zuwa ba, kamar yadda ake yawan zato. Daga gudu take zuwa, da kuma rashin tsaye-tsayen shingen bincike da ramukan kwalta da sauke fasinja a kowane gari.

Jirgin ma ba ya bin miƙaƙƙen layin nan daidai wa daida. Yana tashi ne yana fuskantar iska, ko da kuwa fuskar ta saɓa wa inda ya nufa, sannan ya yi kwana ya kama hanyar da aka shata masa a sama. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 mai hedkwata a Dakar, ita ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Nijar, kuma a Yamai take da makarantar EAMAC inda ake horar da masu lura da jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Ma'aikatan ASECNA ne ke ba kowane jirgi tsayin da zai bi, bisa ƙa'idar da ta raba masu zuwa gabas da masu zuwa yamma: jirgin da ya fito daga Yamai zuwa nan zai samu tsayi irin su ƙafa dubu 19 ko dubu 21, wanda ya nufi Yamai kuma dubu 18 ko dubu 20, don kada su yi gaba da gaba. Waɗannan kwane-kwane ba sa ƙara abu mai yawa a tafiyar cikin gida, amma ba su cikin lissafin waya.

Inda lissafin ya fi karkacewa shi ne wajen gudu. Kamfanin Niger Airlines, wanda ya fara jigilar cikin gida a 2014, ya soma aiki ne da jirgi samfurin Fokker 50, mai farfela biyu da kujeru kusan hamsin, wanda gudunsa idan ya daidaita a sama ya kai kimanin kilomita 500 a awa. Idan aka raba 735 da 500 za a samu awa ɗaya da minti 28, kuma daga irin wannan rabo ne awa ɗaya da rabin nan ta fito. Sai dai jirgi ba ya barin ƙasa da wannan gudu. Yana ɗaukar kusan minti 20 yana hawa, cikin gudu mai rauni domin ƙarfin injin yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi, sannan kafin ya sauka sai ya rage gudu mataki-mataki, ya zagayo ya daidaita kansa da titin sauka tun daga nisan kilomitoci masu yawa. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da minti 88 zuwa minti 100 ko fiye. Bayan haka kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti ba lokacin da jirgi ke sama ba ne kawai. Ana fara ƙidaya shi ne daga sa'ad da aka janye abin da ke tare tayoyin jirgi a inda yake tsaye, har zuwa sa'ad da aka mayar da shi a filin da ya sauka, don haka gangarawa zuwa bakin titi da jiran izinin hasumiya da komawa wurin tsayawa duk suna ciki. Tafiyar da na'ura ta ce awa ɗaya da rabi ce, a tikiti ta kusa awa biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Idan kuwa ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya da ke gudun kilomita 300 a awa, to lissafin na'urar ma sai ya koma kusan awa biyu da rabi tun kafin a ƙara komai.

Wannan ƙarin lokaci na tashi da sauka kusan ɗaya yake, ko tafiyar gajera ce ko doguwa, kamar yadda mai ɗaura wa raƙumi kaya ke ɓata lokaci guda wajen ɗauri da saukewa ko da zango ɗaya zai yi ko zango goma. Shi ya sa gajeriyar tafiya ta fi shan wahalar lissafi. Daga Damagaram zuwa Maradi kimanin kilomita 200 ne ta sama. A takarda mai farfela zai cinye su cikin minti 24, jirgi mai injin jet da ke gudun kilomita 800 kuma cikin minti 15, amma a zahiri dukansu biyu sai sun haura rabin awa, domin mai jet ɗin ba zai ma kai tsayin da yake samun cikakken gudunsa ba kafin lokacin gangarowa ya yi. Ko zuwa Yamai, inda takarda ke ba mai jet minti 55, abin da zai riga mai farfela da shi kimanin rabin awa ne kawai, alhali man da yake sha a kan kowace kujera ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na sha jin mutane suna raina jirgi mai farfela, suna ganin kamar an rage wa garinsu daraja ne da ba a aiko masa babban jirgi ba. A ganina wannan kuskuren fahimta ne, domin ga nisa irin na garuruwan Nijar mai farfela shi ne abin hawan da ya dace, kuma shi ne wanda kamfani zai iya cikawa da fasinja ya koma gobe.

Sai kuma iska, wadda ita ce dalilin da ya sa tafiya da dawowa ba sa zama daidai ko da jirgi ɗaya ne da matuƙi ɗaya. Gudun kilomita 500 da aka ambata gudu ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. Idan iskar kanta tana tafiya da gudun kilomita 50 a awa tana tura jirgin daga baya, zai rufe kilomita 735 cikin minti 80, idan kuma tana dukansa daga gaba sai ya yi minti 98. A nan akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: ribar tafiya minti takwas ce, asarar dawowa kuma minti goma, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin iskar da ke hana shi fiye da wadda ke taimakonsa. A yankinmu alƙiblar iskar sama tana juyawa da lokutan shekara. Da damina akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsayin da ya kama daga mita 3,000 zuwa 4,500, daidai saman yankin Sahel, sannan can sama da ita ma iskar gabas ce ke rinjaye, don haka mai zuwa Yamai a watan Agusta yakan riga mai dawowa isa. Da sanyi kuwa, duk da cewa a ƙasa iskar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, can sama inda manyan jirage ke tafiya iskar yamma ce ta fi yawa.

Duk waɗannan mintoci ne, kuma matafiyi zai iya haƙuri da su. Hazo ne ke mayar da mintoci su zama kwanaki. Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu tsakanin Nuwamba da Maris tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi, wurin da masana ke ɗauka a matsayin mafi girman tushen ƙura a duniya, kuma Damagaram tana kan hanyar da iska ke kwaso ta. Duk ɗan garin nan ya san irin safiyar da rana ke fitowa fara fat kamar wata, duwatsun Birni su ɓace wa mai tsaye a Zango, masu babura su kunna fitila da hantsi, kowa ya naɗe hanci da rawani ko mayafi. A irin wannan safiya za ka ga fasinjoji zaune a ɗakin jira na filin jirgi, an riga an auna kayansu an manna musu takarda, kowa yana leƙen taga yana neman ganin ƙarshen titin jirgi bai gani ba, ma'aikaci kuma yana fitowa lokaci-lokaci yana cewa a ƙara haƙuri, jirgin bai baro Yamai ba tukuna. Ba taurin kai ne ke hana shi tasowa ba. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan gani da aka yarda a sauka da shi, kuma iyakar ta dogara ne ga na'urorin da aka girka. Filin Yamai yana da na'urar da ke jagorantar jirgi da siginar rediyo har zuwa dab da titi, don haka ana iya sauka can cikin hazon da zai gagari filayen da kayan aikinsu bai kai haka ba. Idan nisan gani ya faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, kamar yadda yakan faru a tsakiyar hunturu, matuƙi mai hankali ba zai ɗauko mutane hamsin ya zo ya yi ta shawagi a saman garin da ba ya iya gani ba.

Dokar man jirgi ma tana da hannu a nan. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wajabta wa matuƙi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da ɗan ƙari saboda abin da ka iya tasowa a hanya, da wanda zai kai shi wani filin na daban idan sauka ta gagara, sannan da ajiyar ƙarshe ta minti 30 wadda ba a taɓawa sai cikin matsanancin hali. A ƙasashen da filaye suke kusa da juna wannan ba wani nauyi ba ne. Mu kuwa filayen da suka fi kusa da mu su ne Maradi da Kano, kowannensu kimanin kilomita 200, ɗaya daga cikinsu ma a wata ƙasa yake, sai Agadas mai kilomita 370 da Difa mai kusan 400, kuma hazon da ya rufe Damagaram sau da yawa ya rufe maƙwabtanta. Saboda haka jirgin da zai zo nan a lokacin hunturu yakan ɗauko man da zai iya mayar da shi inda ya fito, kuma kowane kilo na mai da aka ƙara, kilo ne na kaya ko na fasinja da aka rage.

Zafin bazara yana yin irin wannan aikin ta wata fuska. Filin Damagaram yana kan tsayin kimanin mita 460 daga matakin teku, kuma ma'aunin da ake ƙera jirage da shi yana ɗauka cewa a irin wannan tsayi zafi bai wuce digiri 12 ba. A watan Afrilu ko Mayu, da rana tsaka, zafi yakan kai digiri 42. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai da farfela ba sa samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa yana raguwa, ta yadda jirgin zai ji kamar daga filin da ke kan tsayin mita 1,500 yake tashi. Zai buƙaci titi mai tsawo, zai hau a hankali, kuma idan lissafin nauyi bai fita ba sai a bar wasu jakunkuna su biyo jirgin gaba. Wanda aka ce wa ya rage buhun kilishi ko ƙullin tufafin da ya ɗauko yakan ga kamar wulaƙanci ne, alhali lissafi ne da rayuwarsa ke ciki. Wannan ne kuma ya sa tashin sassafe ya fi dacewa da garuruwan Sahel. Da damina matsalar hadari ce: gizagizan da ke haɗuwa da yamma suna yin jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, suna tafiya daga gabas zuwa yamma da guguwar ƙura a gabansu, kawunansu kuma suna haura mita 12,000, inda mai farfela ba ya iya ƙetarewa ta sama. Sai dai ya kauce musu da tazara mai yawa ko ya jira su wuce.

Akwai kuma abin da ba yanayi ba ne, hukuncin gwamnatoci ne. Ranar 6 ga Agustan 2023 aka rufe sararin samaniyar Nijar, ba a sake buɗe shi ga jiragen fasinja ba sai ranar 4 ga Satumba, kuma a tsakanin nan jiragen da ke tafiya daga Turai zuwa kudancin Afirka sun riƙa zagaye mai ɗaruruwan kilomitoci, domin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.267 ba a kauce mata da ɗan kwana. Tun watan Afrilun 2023 ɗin yaƙi ya riga ya rufe mafi yawan sararin Sudan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin miƙaƙƙen layi daga Damagaram zuwa Jidda, mai tsawon kimanin kilomita 3,300, ta saman Cadi da Sudan yake bi, kuma jirgin da ba zai iya ratsa Sudan ba dole ya ƙara nisa da mai da lokaci. Maniyyaci kuma ya tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, don haka lokacin sauka da ke rubuce a tikiti ba da agogon gida aka rubuta shi ba.

Amma ko an haɗa iska da hazo da zafi da rufe sarari gaba ɗaya, ba su ne babban abin da ke nisanta Damagaram da sauran garuruwa ba. Babban abin shi ne ƙarancin jirage da kuma yadda aka tsara hanyoyinsu. Wani dattijo mai sayar da yadi a Kasuwar Dole ya ce wa ɗan ƙanwarsa ya duba masa a waya ko minti nawa ne zuwa Kano a jirgi. Yaron ya duba ya ce, "Kawu, kilomita 200 ne, sun ce bai kai minti 40 ba." Dattijon ya ce, "To madalla, ɗana, duba mini ranar da yake tashi." Yaron ya daɗe yana latsa waya, sannan ya ɗago kai ya ce, "Kawu, babu ranar." Babu jirgin fasinja mai jadawali tsakanin biranen nan biyu. Wanda ya nace sai ya je Kano ta sama, to sai ya tafi Yamai, daga can ya nufi Lome inda kamfanin ASKY ke da cibiyarsa, ya wuce Legas, sannan ya hau jirgin cikin gidan Najeriya zuwa filin Malam Aminu Kano. Jimillar wannan zagaye ta haura kilomita 2,600, wato ninki goma sha uku na ainihin nisan, da kwana biyu ko fiye, alhali mota ta hanyar Matamai da Daura, ko ta Magarya da Ɓaɓura, tana cinye kilomita kimanin 240 cikin rabin yini idan iyaka a buɗe take.

Abin yana da ciwo idan aka tuna tarihi. Ayarin da ke fitowa daga Tarabulus ta Gat da Abzin a Damagaram yake yada zango kafin ya gangara Kano, kuma unguwar Zango kanta saboda fatake aka kafa ta. Hanyar kasuwancin garin nan daga arewa zuwa kudu ta miƙa, har zuwa lokacin da Turawan mulkin mallaka na Faransa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, shekara guda bayan jirgin sama na farko ya sauka a Kano. Daga nan aka shata hanyoyin mota da na sama duk suna kallon yamma, yayin da dangantakar jini da ta ciniki da ta karatun allo ta ci gaba da kallon kudu. Har yau maniyyacin Damagaram a mafi yawan shekaru yakan yi kilomita 890 zuwa yamma ya hau jirgi a Yamai, sannan jirgin ya juyo gabas ya wuce ta arewa da garin da ya baro, ya yi tafiyar kilomita 4,000 a maimakon 3,300.

Ko zuwa Yamai ɗin ma, lissafin gaskiya daga ƙofar gida yake farawa. Filin jirginmu yana da kusa da gari, amma sai mutum ya isa da awa ɗaya ko biyu kafin tashi, ya yi kusan awa biyu a jirgi, ya jira kaya, sannan ya shiga cunkoson Yamai daga filin da ke kudu maso gabashin birnin. Awa biyar ke nan, wadda har yanzu ta fi sauƙi a kan awa 14 ko fiye da manyan motocin safa ke yi suna tashi tun kafin asuba. Sai dai motar kullum tana tashi. Idan jirgi sau biyu yake zuwa a mako, wanda buƙata ta taso masa ba shiri zai jira kusan kwana biyu a matsakaicin lissafi, kuma a cikin wannan jira mota ta kai shi ta dawo da shi. Majinyacin da babban asibitin Damagaram ya tura Yamai, da malamin Jami'ar André Salifou da aka kira taro, da injiniyan matatar mai ta SORAZ da ake jira da wani ƙarfen gyara, dukansu ba mintocin sama ne damuwarsu ba, ranar tashi ce. Jiragen jin ƙai da hukumar abinci ta duniya, wato PAM, ke gudanarwa suna sauka a nan, amma na ma'aikatan agaji ne, talaka ba ya sayen tikitinsu.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Kuɗin sauka da na hasumiya da na ma'aikatan ƙasa da lalacewar da kowane tashi ke yi wa inji duk ana biyansu ne a kan kowace tafiya, ko gajera ko doguwa, don haka kowane kilomita na gajeriyar hanya ya fi tsada. Tikiti ya yi tsada, fasinja su yi kaɗan, kamfani ya rage ranaku, sauran fasinjan ma su daina dogara da jirgin su koma tasha. Haɗa garuruwa biyu ko uku a tafiya ɗaya, kamar a tsaya Maradi ko a zarce Difa ko Agadas, yana taimakawa wajen cika kujeru, amma kowace tsayawa tana ƙara wa na nesa kusan awa guda. Ƙetare iyaka kuma yana buƙatar yarjejeniyar gwamnatoci da jami'an kwastan da na shige da fice a filayen biyu. Ƙasashen Afirka sun amince da matakin Yamusukuro tun 1999 domin sassauta irin waɗannan shingaye, Tarayyar Afirka kuma ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Janairun 2018, amma manyan birane ne suka fi cin moriyar abin da aka samu.

An yi wa filin jirginmu gyara lokacin bikin Zinder Saboua, wato Sabuwar Damagaram, na ranar 18 ga Disamban 2018, kuma wannan abin yabawa ne, sai dai gini da titi rabin aiki ne. Da za a tambaye ni inda ya kamata a sa kuɗin gaba, zan ce a sa shi a na'urorin da ke rage iyakar nisan gani domin hunturu ya daina cinye kwanaki, da kuma tallafin da zai ba wani kamfani damar riƙe jadawali tsayayye na shekara guda cur ko da kujeru ba su cika ba a watannin farko, kamar yadda ƙasashe da dama ke yi wa garuruwansu na nesa. Jirgi mai kujeru 20 ko 50 da kowa ya san yana tashi Litinin da Laraba da Asabar da ƙarfe bakwai na safe zai jawo 'yan kasuwa da ma'aikata su fara gina harkokinsu a kansa, kuma daga nan ne za a iya auna ko hanyar Kano, wadda fasinjanta suke cika motoci kowace safiya a tashoshin garin nan, za ta iya ɗaukar nauyin jirginta.